Tsoron budurwa da shirun manya: a yi wa yarinya bayani tun jini bai zo ba

 

Yau zan taɓo maganar da ba a saba jin ta a bakin namiji ba. Saboda haka ina roƙon iyayenmu mata su gafarce ni, dattawa kuma su yi haƙuri su karanta har ƙarshe kafin su yanke hukunci. Maganar ita ce jinin al'ada, wato haila, da tsoron da ke kama ƴammata sa'ad da ya fara zo musu, da kuma abin da suke tare shi da shi. Na san ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Amma ni ma uba ne, kuma na yi shekaru ina karantar da yara a lakwal kafin a ba ni aikin zagaya azuzuwan manya. Abin da na gani a wannan aiki ya hana ni yin shiru.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

A ranin da ya wuce na je duba wani aji na mata a wani ƙauye cikin karkarar Azagor. Bayan an tashi, malamar ajin ta ce tana da magana. Ta ba ni labarin ɗaya daga cikin ɗalibanta, kuma matar ta yarda a rubuta shi muddin ba a faɗi sunanta ko na garinsu ba.

Matar tana da ɗiya mai shekara 14 da ke karatun koleji a Dakoro, tana zaune wurin dangi. Da yarinyar ta zo hutu, uwar ta tsinci wani ɗan kwali a ƙarƙashin tufafinta. A ciki akwai wasu abubuwa farare kamar guntun alli, kowane da ɗan zare a gindinsa. Rubutun kwalin da Faransanci ne. Uwar ba ta taɓa ganin irinsu ba. Sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka maganin hana ɗaukar ciki ne. Ta tsare yarinyar da tambaya, yarinyar kuwa sai kuka. Da magana ta kai kunnen uban, sai ya ce karatu ya ƙare, ba za ta koma Dakoro ba.

Allah ya sa uwar ta yi tunani. Ta ƙulle kwalin a bakin zane, ta kai wa malamarsu. Ta ce: "Malama, ke kin iya karatun nasara. Don Allah duba mini wannan, ki gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce."

Malama ta karanta. Ashe auduga ce ta tare jinin al'ada, irin wadda ake sakawa cikin jiki. Da aka lallashi yarinyar sai ta yi bayani. Ta ce: "Inna, wallahi ban taɓa aiki da ita ba. Yaya ce ta ba ni da ta zo daga Yamai, don na gaya mata ƙyallena yana yoyo a cikin aji, yara maza suna yi mini dariya. Ni kuwa tsoronta nake ji." Wata uku kwalin yana hannunta. Kowane wata takan buɗe shi, ta duba, ta mayar. Kowane wata kuma takan yi kwana biyu ko uku ba ta je aji ba, tana cewa kanta ke ciwo.

Malama ta raka su wurin ungozomar gidan likita, aka yi musu bayani dalla-dalla. A ƙarshe yarinyar ta ce ita dai ba ta son audugar, aka ce babu laifi. Aka ɗinka mata ƙunzugu masu kauri. Uban ya sauko, ta koma karatunta.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. Ɗan kwalin da bai kai tafin hannu ba ya kusa raba yarinya da karatu, ya kusa shafa mata baƙin suna. Audugar ba ta yi laifin komai ba. Rashin sani ne ya tsorata ɗiya, ya tsorata uwa, ya fusata uba.

Daga ina tsoron yake fitowa?

Ra'ayina shi ne: tsoron ƴammata ɗan shirun manya ne. A gidajenmu da yawa ba a gaya wa yarinya komai sai ranar da ta ga jini. Wata takan zaci ciwo ta ji. Wata takan zaci wata muguwar cuta ce ta kama ta. Wata kuma takan ɓoye har watanni, don tana gudun a ce ta yi abin kunya.

Mun san dalilin wannan shiru. Kunya ado ce a wurinmu, Hausawa da Fulani da Buzaye baki ɗaya. Uwa ba ta ko faɗin sunan ƴar farinta, balle ta zaunar da ita ta yi mata irin wannan zance. Ban ce a zubar da kunya ba. Amma kakanninmu da suka gada mana kunyar ɗan fari sun gada mana mafita tare da ita. Akwai gwaggo, akwai inna ƙanwar uwa, akwai kaka, akwai yaya. Abin da uwa ba ta iya faɗi, su suna iyawa. Laifinmu shi ne mun riƙe kunyar, mun saki mafitar.

Addini ma bai ce a yi shiru ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san Ahalari da Risala suna da bayanin haila, ana karanta shi a zaure, ana fassara shi da Hausa. In malamai suna karantar da hukuncinta, don me iyaye za su kasa bayyana tsabtarta?

Wannan damuwa ba ta Azagor kaɗai ba ce. A shekarar 2017 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkokin mata, tare da abokan aikinta, ta fitar da wani bincike kan yadda mata ke fama da tsabtar haila a jihohin Maradi, Damagaram, Tawa da Tilaberi, cikin mazauna gari da makiyaya. Tun daga 2014 kuma ake tunawa da ranar tsabtar haila ta duniya a kowace 28 ga watan Mayu. An zaɓi wata na 5 da rana ta 28 ne domin jinin yakan yi kamar kwana 5, yakan kuma dawo bayan kamar kwana 28. Duniya ta fara magana. Saura mu a cikin gidajenmu.

Abin da ya kamata kowace yarinya ta sani

Ya kamata a zaunar da yarinya tun tana da shekara 9 ko 10, ko da zarar ƙirjinta ya fara tasowa, a gaya mata waɗannan abubuwa:

1. Haila ba cuta ba ce, ba kuma alamar laifi ba ce. Kowane wata mahaifa takan yi shimfiɗa a cikinta. In babu juna biyu, sai shimfiɗar ta zube ta fito tare da jini.

2. Yawancin ƴammata sukan fara tsakanin shekara 10 da 16.

3. Jinin yakan yi kwana 2 zuwa 7. A shekarun farko yakan zo da wuri ko ya makara, har ya tsallake wata. Wannan ba abin tsoro ba ne.

4. Jinin da ke fita duka bai fi cokalin cin abinci 2 zuwa 5 ba ga yawancin mata, ko da yake a ido yana kama da mai yawa.

5. Ciwon mara da na baya sukan zo a kwanakin farko. Gasa mara da tsumma mai ɗumi yana taimakawa. In ciwon ya hana ta tashi, a je gidan likita.

Akwai kuma alamun da ba a zama da su a gida: in jini ya wuce kwana 7, in yana jiƙe ƙunzugu sharkaf kowace awa ɗaya ko biyu, in yarinya tana jiri idanunta sun yi fari, ko in ta cika shekara 15 zuwa 16 ba ta fara ba, musamman in mararta na ciwo kowane wata amma jini ba ya fita. Malamai sun ce mai farawa tana iya jira har kwana 15 kafin ta koma salla. Wannan hukuncin ibada ne. Bai hana a kai ta a duba lafiyarta ba tun kafin nan.

Mece ce audugar cusawa?

Abin tare jini iri-iri ne. Akwai ƙunzugu na ƙyalle wanda iyayenmu suka sani. Akwai audugar mata ta kanti wadda ake liƙawa a ɗan kamfai. Su biyun nan a waje suke zama. Sai kuma wadda ta tayar da hankali a labarinmu, wadda masu kantin magani ke kira tamfon. Mu kira ta audugar cusawa. Auduga ce da aka matse ta yi kamar ɗan yatsa, da zare a ƙarshenta. Ana saka ta cikin farji ta tsotse jinin tun bai fito ba, sa'an nan a jawo ta da zaren a yar.

Ba sabon abu ba ne. Wani likita a Amurka mai suna Earle Haas ya yi rajistar irinta a 1931, aka fara sayar da ita da sunan Tampax a 1936. A ƙauyukanmu ba a san ta sosai ba, amma ana samun ta a wasu kantunan magani na manyan birane. Yaranmu kuwa yanzu suna zuwa birni karatu, suna kuma ganin abubuwa a wayar salula. Ko mun so ko mun ƙi, wata rana ɗiyarka ko ɗiyarki za ta ci karo da ita. Gara ta ji gaskiyarta daga gida.

Yarinyar nan ta faɗi abu uku da take tsoro. Ga amsarsu kamar yadda ma'aikatan kiwon lafiya suke bayyanawa.

Tsoro na farko: "Za ta ɓace a cikina." Ba za ta ɓace ba. Hanyar da ake saka ta gajeriya ce, kuma a ƙarshenta akwai bakin mahaifa, wanda ƙofarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Auduga ba ta iya wucewa ta nan ta shiga mahaifa ko hanji. In zaren ya shige, mace takan tsuguna ta jawo ta da yatsu masu tsabta. In ta kasa, ungozoma za ta cire mata ita nan take, kuma a ranar ya kamata a je, kada a kwana. Hanyar fitsari kuwa daban take, don haka audugar ba ta hana fitsari.

Tsoro na biyu: "Za ta yi mini zafi." In yarinya ta tsorata, naman wurin yakan ɗaure, sakawa ta yi wuya. Shi ya sa ake cewa mai farawa ta ɗauki mafi ƙanƙanta, ta gwada a ranar da jini ke zuba sosai, ta wanke hannu, ta tsuguna, ta saki jiki, ta tura ta a hankali wajen ƙugunta na baya, ta bar zaren a waje. In ta zauna daidai ba a jin ta. In ta ƙi shiga, ko zafi ya yi yawa, a bari. Kada a tilasta. Kada kuma a ce wani abu ne ya toshe yarinya a kai ta wurin wanzami ya yanka. Wannan yanka yana jawo zubar jini da yoyon fitsari, kuma dokar ƙasarmu ta hana kaciyar mata tun 2003. Wurin ungozoma ake zuwa.

Tsoro na uku, wanda ya fi nauyi: "Za ta ɓata mini budurci." A nan sai mu yi magana a tsanake. Tantanin da mutane ke kira na budurci ba murfi ba ne da ya rufe hanya ruf. Yana da ƙofa tun daga haihuwa, ta nan ne jinin al'ada yake fita. Yana da taushi, yana miƙewa, kuma halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace. Ƙaramar auduga takan wuce ta wannan ƙofa. Gaskiya ne wani lokaci takan ƙara buɗa shi kaɗan. Amma budurwa ita ce wadda ba ta san namiji ba, auduga kuwa ba namiji ba ce. Mata da yawa masu kamun kai ba sa ganin jini a daren farko, haka Allah ya halicce su. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani dubawa da zai iya tabbatar da ko mace ta san namiji ko ba ta sani ba.

Duk da haka ba zan raina tsoron yarinya ba. A wurinmu in zargi ya tashi, a kanta yake sauka, ba a kan mai kanti ba. Saboda haka wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, a ƙyale ta. Babu wanda ya isa ya ce mata baƙauya don ta ƙi, babu kuma wanda ya isa ya ce mata ƴar iska don ta karɓa.

Haɗarin da ya kamata a ji tsoro

Abin mamaki, abubuwan da ƴammata ke tsoro ba su ne haɗarin ba. Haɗarin na gaskiya shi ne barin audugar ta daɗe a jiki. In ta daɗe, wasu ƙwayoyin cuta suna iya yaɗuwa su saki dafi cikin jini. Cutar ba ta cika faruwa ba, amma in ta zo tana iya kisa cikin ƴan kwanaki. A shekarar 1980 ɗaruruwan mata suka kamu da ita a Amurka, gommai suka mutu. Aka gano yawancinsu suna aiki da auduga mai tsotson jini fiye da kima. A watan Satumba na shekarar aka janye wata mai suna Rely daga kasuwa. Tun daga nan ake rubuta gargaɗi a kwalayen.

Ga ƙa'idodin da duk mai aiki da ita za ta kiyaye:

1. A wanke hannu da sabuni kafin sakawa da bayan cirewa.
2. A canza ta bayan awa 4 zuwa 8. Kada ta wuce awa 8 ko da jinin kaɗan ne. Wadda aka saka da hantsi, a cire ta kafin la'asar.
3. Ɗaya ake sakawa, kuma sai an cire ta farko. Ranar ƙarshe a tabbata ba a manta da wata a ciki ba.
4. Ba a wanke ta a sake aiki da ita.
5. Ba a saka ta in ba lokacin haila ba ne. Mai jinin biƙi ma ba ta saka ta.
6. Kada a kwaikwaye ta da audugar gona, ko ta katifa, ko tsumma. Waɗannan ba su da tsabta, kuma zarurrukansu sukan maƙale a ciki su jawo ciwo.

Alamun cutar su ne zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, amai, zawo, jiri ko suma, jan ido, ciwon jiki, da ƙuraje ko jan fata. Ku lura, waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro. A nan ne shiru yake iya kashe yarinya. In ta ɓoye wa kowa cewa tana da auduga a jiki, za a yi ta ba ta maganin sauro alhali dafi yana cin ta. Abin yi shi ne a cire audugar nan da nan, a kai ta gidan likita mafi kusa ko asibitin gunduma na Dakoro, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Yarinyar da ta san uwarta ba za ta doke ta ba, ita ce za ta faɗi da wuri.

Me ya dace da mu a karkara?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Audugar cusawa tana da amfaninta: ba ta zamewa, ba ta goge cinya, mai ita tana iya tafiya mai nisa ko wasan motsa jiki hankali kwance. Amma tana bukatar kuɗi kowane wata, da ruwa da sabuni a kusa, da wurin kewayawa mai sutura inda za a canza ta a kan lokaci. Yarinyar da ta fita da asuba bin bisashe, ko ta tafi rijiya mai nisa da jakai, ba kullum take samun waɗannan ba. Don haka ni ban ce a ruga a sayo ta ba. Ƙunzugu mai tsabta ya fi audugar kanti da aka yi wa aikin ganganci.

Sai dai ƙunzugun ma yana da ƙa'ida. A yi shi da ƙyallen auduga mai laushi, ba na leda ba. Kowace yarinya ta mallaki nata, kamar guda 5 ko 6, kada ta yi tarayya da kowa. A canza shi sau 3 ko 4 a yini. A fara wanke shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini a jikin ƙyalle, sa'an nan a sa sabuni. Abu mafi muhimmanci: a shanya shi a rana ya bushe ƙarau. Mata da yawa sukan cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan randa yana da danshi don kada a gani. Danshin nan ne ke kawo ƙaiƙayi da wari. Mai jin kunya ta shanya shi a bayan ɗaki ta rufa masa wani siririn zane. Allah ya hore mana rana kyauta, mu yi aiki da ita.

Audugar kanti da aka gama da ita, ta waje ko ta cusawa, a naɗe ta a binne da zurfi ko a ƙone. Kada a yar a bola inda awaki da yara za su ja.

Sai maganar abinci, tunda wannan fili na lafiya ne da noma. Yarinyar da ke zubar da jini kowane wata tana bukatar abin da zai mayar mata da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kusan rabin matan Nijar suna da ƙarancin jini. Maganin yana gonakinmu da garkenmu: wake, zogale, rama, yakuwa, gero, ƙwai, nama da hanta in an samu. Kada a sayar da waken duka a kaka, a bar na gida. Mai shan shayi kuma ta ɗan jinkirta bayan cin abinci, domin shayi yana rage wa jiki amfanin sinadarin ƙarfe da ke cikin abincin.

Aikin maza

Ƴan uwana maza, kada mu ce wannan zancen ɗaki ne. Ba a ce mu zaunar da ɗiyanmu mata mu yi musu bayani ba, wannan na iyayensu mata ne. Namu aikin guda huɗu ne.

Na farko, kuɗin sabuni da ƙyalle. In maiɗakinka ta ce a ba ta na sabunin yarinya, ka ba ta ba tare da dogon bincike ba. Yarinyar da ba ta samu a gida ba, wani zai ba ta a waje, kuma kyautar waje ba ta zuwa ita kaɗai.

Na biyu, makewayi. Mu gina shi a gida, mu kuma tashi tsaye a cikin kwamitin iyayen yara don kowace lakwal ta sami makewayin ƴammata daban, mai ƙyaure, da tulun ruwa a ciki.

Na uku, mu ja kunnen ɗiyanmu maza. Yaron da ya yi wa ƴar ajinsu dariya don ya ga jini a zanenta, ya tuna uwar da ta haife shi. Malaman lakwal su ma su bar yarinya ta fita in ta nemi izini, ba sai ta faɗi dalili a gaban aji ba.

Na huɗu, kada mu mai da ganin jini sammacin aure. Jinin farko yana nuna jiki ya fara girma, bai nuna ya gama ba. Ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka, kuma haihuwa kafin ya ƙosa tana cikin abubuwan da ke jawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Binciken nan na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a ƙasarmu an yi musu aure kafin su cika shekara 18, a jihar Maradi kuwa 89 cikin 100. Wasu ƴammata suna ɓoye hailarsu ne don sun san ranar da aka ji, ranar ce za a fara zancen miji. A ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta sa hannu a kan dokar kare ɗiya mace da ke cikin karatu. Amma doka a Yamai take, yarinya kuwa a gidanka take.

Kammalawa

Ku da kuka koyi karatu da girmanku kun san yadda tsoro yake. Ranar farko da aka miƙa muku alli, hannunku rawa yake yi. Ba duka ya kawar da rawar ba, ba kuma dariya ba. Wani ne ya zauna kusa da ku ya nuna muku a hankali. Haka yarinya take a gaban jininta na farko, haka take a gaban duk wani sabon abin tare shi.

Matar nan ta labarinmu ta yi abin da ya dace: ta tambaya kafin ta yanke hukunci. Matambayi ba ya ɓata. Ina roƙon kowace malama ta karanta wannan shafi a ajinta, ta gayyato ungozoma ta amsa tambayoyi. Ina roƙon kowace uwa mai ɗiya ƴar shekara 10 ta nemi gwaggo ko yayar da za ta yi mata bayani a cikin wannan wata, kada a jira ranar kuka. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba.